Gadon Tsalle a Gidan Surukata

A kasuwar Nima ba wanda zai ce ni mai shiru ce. Kayan yaji nake sayarwa, citta da kanumfari da masoro da barkono, kuma matan da muke jere da su sukan ce bakina ya fi hajata zafi. Na taɓa sa an tsayar da trotro, motar hayar nan, a hanyar Circle don direba ya zagi wata tsohuwa, ban bar shi ya tayar da mota ba sai da ya ba ta haƙuri da Hausa da Twi. Ina faɗin wannan tun farko ne don kada wani ya ce ranar da na yi shiru a gaban surukata rashin baki ne ya jawo. Baki kam ina da shi, har na ba da aro.

Ɗana na fari ya kai shekara shida bai ce uffan ba. Kunnensa lafiya lau, don ko ledar biskit aka taɓa a ɗaki na uku sai ya juyo. Amma ba ya kallon fuskar mutum, a kan yatsun ƙafa yake tafiya, kuma tun da ya iya tsayuwa yake tsalle: a ƙasa, a kan kujera, a kan gadonmu har sai da katako biyu suka karye. In injin niƙan maƙwabta ya tashi, sai ya toshe kunne ya je yana buga goshi da bango. Barcinsa gutsure-gutsure ne, nawa ma ya koma haka. An ba shi rubutu, an yi masa hayaƙi, mun bi malamai har Kumasi. Wata mai kifi ta dube ni ido da ido ta ce wai nsuo ba ne, wato ɗan ruwa, a mayar da shi inda ya fito. Ranar sai da mata uku suka riƙe ni. Daga ƙarshe a asibiti aka ce sunan abin otizim, ba shi da ƙwaya ba shi da allura, sai haƙuri da koyarwa.

Kafin in kai ga gadon tsalle dole in yi maganar Innata, don daga wurinta abin ya samo asali. A Sabon Zongo aka haife ni, amma ita daga ƙasar Damagaram aka kawo ta aure, kuma ta riƙe al'adun gida fiye da waɗanda ta baro a can. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko "yayanku". Da na haihu ta zo yi min wankan jego, ta zaunar da ni ta ce, "Ɗan fari ba naki ba ne, na kakanninsa ne. Ba kya kiran sunansa, ba kya yabonsa, ba kya tare masa faɗa a gaban manya. In magana ta taso a kansa, ke naki shiru ne. Kakarsa ce za ta yi magana."

Abubuwa da yawa na Inna na watsar da su. Ita ba ta cin abinci a waje, ni kenke da soyayyen kifi nake ci a bakin titi, hannu baka hannu ƙwarya. Ita ba ta ɗaga murya, ni kuwa kun ji labari. Amma wannan guda ɗayan na riƙe shi gam. In zan faɗi gaskiya, ba biyayya kaɗai ba ce, har da alfahari a ciki. So nake dangin mijina su san ba a kan bola aka tsinto ni ba, daga gidan da aka san kara na fito.

Dangin mijina kuwa ba su ma san ina yi ba. Surukata, wadda kowa a gidan yake kira Mma, a nan unguwar Maamobi aka haife ta, ubanta Dagomba uwarta Kotokoli, Hausarta ta zango ce, da Twi da Ga a tsakiyarta. Da cinikin waakye, wato shinkafa da wake, ta gina gidan da muke ciki, ɗakuna zagaye da tsakar gida, wasu na 'ya'yanta wasu na 'yan haya. Nata ɗan farin, wan mijina, wanda muke kira Yaya Alhaji, daga ƙofar ɗakinta take ƙwala masa kira da sunan yanka. Ta yabe shi a gaban mutane, ta wanke shi tas a gaban mutane. Ban taɓa yi mata bayanin al'adar Inna ba. A ganina yin bayanin ma rashin kara ne, kuma na ɗauka duk tsohuwar da ta haifa ta san wannan.

Maigidana gyaran firji yake yi, yana kuma sayar da tsofaffin kayan Turai da ƙaninsa yake turo masa daga Jamus. Wata shekara, cikin kayan da suka zo, aka tarar da wasu lanƙwasassun ƙarafuna, da wani baƙin ƙyalle mai kauri, da jaka guda ta sifirin, murɗaɗɗun wayoyin nan masu miƙewa su dawo. Ƙanin ya ce don cike gurbi ya cusa su. Maigidana ya yini wata Lahadi yana haɗawa yana duba hotunan takardar da ta zo da shi, har ya fito da wani abu zagayayye, tsayinsa ya kai ƙugu, faɗinsa ya cinye rabin tsakar gida. A takardar tirampolin aka rubuta. Mma ta karɓa ta ga hoton 'ya'yan Turawa a sama ƙafafu a iska, ta ce, "Wannan ai gadon tsalle ne." Shi ke nan suna ya bi shi. Mai saye dai ba a samu ba. Wa ke da filin ajiye irin wannan a Maamobi, inda mutum biyu ba sa wuce juna a lungu sai ɗaya ya karkace?

Ni ce na fara samo masa aiki. Maigidana ya hana yara hawa don kada su lalata kayan sayarwa, ni kuwa na duba na ga baƙar shimfiɗa mai ɗaukar zafin rana, ga iska tana shiga ta ƙasa, ga shi kaji da awaki ba sa kaiwa. Sai na baza barkonona a kai. Kwana biyu ya bushe ƙayau. Kafin mako ya zagayo matan gidan sun biyo ni, wannan da kuɓewa, waccan da garin masara, har mun fara musu a kan wa ya riga wa. Abin da Turawa suka ƙera don wasa, mu muka mai da shi wurin shanya, kuma har yau ina ganin ba mu yi wauta ba, don ya iya aikin.

Wata Talata na dawo da azahar in kwashe shanya, tun daga ƙofar gida na ji ana ta atishawa. Na shiga na tarar da barkono a ko'ina, a ƙasa, a kan kwanon rufi, har cikin bokitin wankan wani ɗan haya. Yaron nan yana tsakiyar gado yana tashi sama yana dawowa. Na cire silifa na nufe shi. Ban kai ba na tsaya, saboda dariya yake yi. Ba irin ƙarar nan da yakan yi shi kaɗai ba, dariya ce ta yara, daga ciki take fitowa. Kuma duk tashin da zai yi, in ya kai sama sai ya dube ni a fuska, ya sauka, ya sake tashi ya sake dubana. Shekara shida ina neman idon nan ban samu ba. Hawaye yana zuba daga idona da nasa, kowa ya ɗauka yajin ne, na bar su a haka. Na mayar da silifata na je na ɗauko tsintsiya.

A cikin 'yan hayarmu akwai wata nas, 'yar ƙabilar Ga ce, a ɓangaren yara take aiki a wani asibiti. Ita ta tare ni ina shara. "Anti, kada ki hana shi koraa, ko kaɗan," ta ce. "Abin da yake nema a kan gadonku ke nan tun da. Yara irinsa, jikinsu yana son a girgiza shi kafin hankali ya zauna. Ba magani ba ne, kada ki ce na ce zai warke. Amma ki bar shi kullum ya hau, ki tsaya kusa, ki riƙa ƙirga masa. Ki ce tashi, ki ce tsaya. Kaɗan-kaɗan za ki gani."

Washegari wata ta fito da tirenta na kuɓewa, sai Mma ta ce daga bakin ƙofa, "Kowa ya kwashe shanya. Abu na jikana ne." Maigidana ma bai ƙara maganar sayarwa ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ce a raina, ga abin da Inna ta faɗa: ni ban ce komai ba, kaka ta yi magana.

Ƙirgar kuwa a ɓoye nake yin ta. Da safe Mma ce take duba shi ina kasuwa, da azahar in dawo in karɓe ta, ta je ta kwanta da fanka a kanta. Daga nan zuwa la'asar gidanmu tsit yake, maza suna wurin aiki, yara suna makaranta. Sai in zauna a bakin madafa da tiren citta a cinya kamar mai tsinta, ina cewa ɗaya, biyu, uku, ƙasa-ƙasa. In na ji motsin ƙofa sai in ja bakina in sunkuyar da kai. Da yamma kuwa, in gida ya cika, yana sama mutane suna tafa masa, ni ina can gefe na ba shi baya ina wanke-wanke. Kunnena yana wurinsa, amma ban taɓa bari wani ya kama ni ina kallonsa ba.

Canjin bai zo da ganga ba. Barci ne ya fara gyaruwa, har na yi wata safiya na farka a firgice don ban ji motsinsa ba tun da muka kwanta. Buga kai da bango ya ragu, tabon goshinsa ya bushe. Ya fara zama ya ci tuwo har ya ga ƙasan kwano, maimakon loma ɗaya ya tashi. Diddigensa ta fara taka ƙasa. Kwatar da ke ƙofar gida, wadda kullum sai na ɗauke shi cak, ya tsallake ta da kansa. In injin niƙa ya tashi, maimakon bango sai ya ruga ya haye gado. Har jiran layi ya koya. In wani yaro yana sama, yakan tsaya riƙe da ƙarfe jikinsa yana rawa, amma ya jira.

Wata rana, kamar wata takwas da farawa, na ce ɗaya, na ce biyu, sai tari ya sarƙe ni. Ina cikin tarin na ji an ce, "Uku." Na waiga ko wani ne ya shigo. Ba kowa, daga ni sai shi sai kaji. Na sake ƙirgawa, da na kai biyu na yi shiru da gangan. Ya sauka a kan ƙyallen ya ce, "Uku." Tiren citta ya kife daga cinyata ban sani ba. Bayan wannan sai "ƙara" ta zo, sai "tsaya", sai "ruwa", sai "a'a". Kalma biyar, dukkansu a kan gadon nan, dukkansu in ba kowa sai ni. Yana sauka ƙasa bakin yake rufewa.

Na gaya wa maigidana. Ya rufe shago rana biyu ya zo ya tsaya, yaron nan ko tari bai yi ba. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Allah ya sa." Na san abin da yake nufi, wai zuciyar uwa ce take jin abin da take so. Nas ɗin kuwa an yi mata canjin wurin aiki, ta riga ta tashi. Saura Mma, ita kuma ban gaya mata ba. Sau da yawa maganar takan zo min har leɓe ina miƙa mata kwanon abinci, sai in tuna uwa ba ta yabon ɗan fari, in haɗiye. Na ce bari ya ƙara ƙwari, wata rana za ta ji da kunnenta.

Daga waje matsalar ta shigo. Labari ya bi lungu cewa akwai gadon tsalle a gidan Mma. In an tashi daga Islamiyya da yamma sai yara su cika mana gida, takalma har ƙofa. Manya ma suna leƙowa, wasu don gado, wasu don su ga yaron da ba ya magana, har da masu ɗaga waya suna ɗauka. Wannan ya ƙona min rai ƙwarai, amma na danne, tunda in na yi faɗa an san don wa na yi. Sai wata rana yara huɗu suka hau tare, 'yar maƙwabcinmu ta faɗo ta karye a hannu. Aka kai ta wurin maɗori, ubanta ya zo ƙofar gida ya yi ta faɗa har sai da liman ya fito ya ja shi gefe.

Yaya Alhaji ba mugu ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Yana da 'ya'ya maza biyu da suka isa aure, ba ɗakin da zai sa su, ya daɗe yana auna tsakar gidan nan da ido. Ya ce abin ya zama fitina, a cire shi kafin a yi kisan kai. Mma ta ce sai an zauna.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta. Ga Mma a kan kujerarta, ga Yaya Alhaji, ga maigidana, ga ni a can ƙarshen tabarma. Yaron nan yana bayanmu a kan gado, ƙarar sifirin tana tashi tana sauka. Yaya Alhaji ya yi bayaninsa, bai ƙara gishiri ba. Maigidana, wanda tun yana ƙarami bai taɓa musu da wansa ba, ya ce shi dai uwar yaron ta fi shi sanin halin da ake ciki.

Mma ta juyo ta dube ni. "To, magana ya zo gabana. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar yaro, me kika gani?"

Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. A raina ko ɗar babu. Ai haka ake yi, za ta tambaye ni don cika ƙa'ida, in yi shiru, ita kuma ta yanke, kuma na san inda za ta yanke.

"Uwar yaro," ta sake cewa.

Maigidana ya ce, "Ana tambayarki fa."

Na ƙara sunkuyawa. Har wani daɗi nake ji, yau za su ga tarbiyya.

Karo na uku muryarta ta yi ƙasa. "'Yata, ki faɗa gaskiya, ba wanda zai ce komai. Abu nan yana da amfani, ko a cire?"

Kalma biyar ɗin nan suna bakina. Da na ce "Mma, yana magana a kansa", da zaman ya tashi a nan. Sai na ce, "Mma, ku ne manya. Duk abin da kuka gani shi ne daidai."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta numfasa ta ce, "To. A cire."

Ko a lokacin da sauran dama, don ba wanda ya tashi tukuna, Yaya Alhaji yana neman takalminsa. Amma maimakon in buɗe baki sai fushi ya cika ni. Na ce a raina, ashe tsohuwar nan ɗakunan ɗanta sun fi mata jikanta. Na tashi na shige ɗaki. Na yi niyyar gobe in na dawo daga kasuwa zan sa maigidana ya je ya roƙe ta. Washegari da hantsi, ina can ina auna masoro, mai sayen tsohon ƙarfe ya biyo ta lungu da kurarsa yana kiran kondem, Yaya Alhaji ya kira shi. Da na dawo da azahar ba abin da ya rage sai shatin ƙafafun gado a kan siminti.

Yaron nan yana tsaye a tsakiyar shatin. Ya yi tsalle a kan simintin, sau ɗaya, sau biyu, ya tsaya ya dubi ƙafafunsa. Ya zagaya wurin, ya sake gwadawa. Ya yi makonni yana wannan. Daga baya ya koma wa bango.

Na yi abin da zan iya, ko in ce abin da na iya yi a ɓoye. Na sauke katifarmu ƙasa na rufe ƙofa ina ƙirga masa. Ya ce "uku" sau biyu ko uku a watan farko, daga nan in na kai biyu sai shiru ya biyo baya. Na samo tsohuwar tayar babbar mota, bai ko kalle ta ba. Mun taɓa kai shi wani babban kanti a cikin gari inda ake da irin gadon, amma ga kiɗa ga fitilu ga ihun yara, tun daga ƙofa ya kwanta a ƙasa yana ƙara, muka ɗauko shi muka dawo. Kafin shekara ta ƙare an aza bulo a tsakar gida, ɗaki biyu suka tashi, abin da ya rage mana hanyar wucewa ce da wurin aza tukunya. Da ƙanin mijina ya turo wani ƙaramin gadon tsalle bayan shekara huɗu, a cikin ɗaki muka haɗa shi. Yaron nan ya riga ya girma, ya zauna a bakinsa ya ci biredi ya tashi.

Ban sani ba ko da gadon ya zauna kalmomin za su zauna. Na tambayi likita, ya ce yara irinsa wani lokaci magana takan zo ta tafi, ba wanda zai iya rantsuwa. Na gode masa, amma bai rage min komai ba. Shekara goma na yi ina riƙe da Mma a zuciya. Ban taɓa yi mata rashin kunya ba, abincinta bai taɓa makara ba, amma gaisuwata ba ta wuce gaisuwa. In maigidana ya ce, "Ai sau uku aka tambaye ki," sai in hau shi da faɗa har ya ɗauki hularsa ya fita.

Yanzu ya shekara goma sha bakwai, ya fi ubansa tsawo. Yana da natsuwa daidai gwargwado, yakan zauna kusa da ni ya cire wa barkono hanci, kuma ya fi kowa iyawa. Magana dai babu. Mma ta tsufa, ƙafafunta suna kumbura, ni nake shafa mata man kaɗanya da hantsi a ɗan wurin da rana take samun shiga tsakanin ɗakunan nan biyu. A watan da ya wuce ina cikin shafawa ya zo ya wuce mu, ta bi shi da kallo ta ce, "Har yanzu ina tuna gadon tsalle nan. Yaro nan ya so shi paa, sosai-sosai. Da don ni ne, da ba a cire ba koraa."

Hannuna ya tsaya a kan ƙafarta. Na ce, "Mma, ai ku kuka ce a cire."

"Ni? Na tambaye ki sau uku. Alhaji ɗana ne, in na ce a'a, magana ya ƙare. Amma tun da abu nan ya zo ina duba ki. Yaro yana bisa, kowa yana dariya, ke kin ba shi baya. Mutane suna ɗauka shi a waya, ke da kike faɗa da duk duniya ba ki ce komai ba. Ko sunansa ba ki kira. Na ce a raina, yarinya nan ta gaji da 'yan kallo, so take a ɓoye shi, amma ba ta iya faɗa. Na ce bari in rufa mata asiri, in ɗauki laifi."

Na zauna daɓas a ƙasa. Abin da ban yi ba shekara goma sha bakwai, ranar na yi. Na gaya mata maganar Inna tun daga wankan jego, cewa a gidanmu uwa shiru take yi don kaka ta yi magana, cewa ni jiranta nake yi. Ta saurare ni har na gama, tana girgiza kai a hankali.

"Ke kina jira na, ni ina jira ki," ta ce. "Mu nan in ba ki yi magana ba, an ce ba ki so. Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Gida ɗaya muke."

Nadama ta kama ni, ba ta gadon kaɗai ba, har ta shekarun da na yi ina jin haushin matar da ta ɗauki laifi don ni. Tunda na riga na buɗe baki, sai na ƙarasa. Na ce, "Mma, ya yi magana a kan gadon nan. Kalma biyar. Da azahar, in kun kwanta."

Ta ja mayafinta ta goge fuska, ta dubi ƙofar ɗakin da ya shiga.

"Jikana ya yi magana a gidana, ni ina barci," ta ce. Can kuma ta juyo. "To muryarsa fa? Yaya take? Babba ne ko siriri? Ta yi kama da na ubansa?"

Na buɗe baki in kwatanta mata. Na tuna tiren citta, na tuna kajin, na tuna ƙarar sifirin, kalmomin ma duk suna nan ban rasa ko ɗaya ba. Na nemi muryar a kunnena, na neme ta, ban same ta ba. Ni kaɗai ce a duniya na taɓa jin ta.

Mma tana kallona tana jira. Na ce, "Mma, na manta."